Kwalabe Masu Wuyan Zinariya

Ni dai karatu ya kai ni Madina, ba sayar da ruwan inabi ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kada wani ya ɗauka da niyyar kasuwanci na bar Malumfashi.

Bashir ne ya jawo ni. Ɗan unguwarmu ne, ya ɗan girme ni, ya samu shiga jami'ar Musulunci ta can a ƙarshen shekarun saba'in. Duk alhajin da ya dawo sai ya kawo mini saƙonsa: "Ka ce wa Lawal ya taho kawai, wuri na nan." Na biyo masu umara na taho. Ranar da na same shi a ɗakin kwanan ɗalibai ya rungume ni, ya zuba mini shayi, sannan ya shiga sosa ƙeya.

"Ai ka yi gaggawa, Lawal."

"Gaggawa kuma, Yaya Bashir? Ba kai ka ce in zo ba?"

"Na ce ka zo, amma ban ce ka zo yanzu ba."

Muka yi ta zarya ofishin karɓar ɗalibai. Yau a ce mai sa hannu ya tafi salla, gobe a ce ya tafi Riyad. Sai da takalmina ya cinye, sannan wani ma'aikaci ya ji tausayina ya gaya mini gaskiya: daga gida ake neman wuri, ba daga nan ba. Kafin nan bizata ta ƙare. Ga ni ba ɗalibi ba, ba mahajjaci ba, kuma ba ni da iƙama, takardar nan ta izinin zama wadda in babu ita ko tari ba ka iya yi da ƙarfi a titi.

Bashir ya ce doka ta hana a kwantar da baƙo a ɗakinsu, sai ya kai ni unguwar Uhudu wurin Baba Idi tela. Bahaushen Cadi ne, da ƙafa ya ratso Sudan tun yana saurayi, ya zauna a Madina har gemunsa ya yi fari. Shagonsa na ƙasa, iyalinsa na ciki, sama kuma fili ne inda ake shanya. Bai ɗago daga kan keken ɗinki ba ya tambaye ni garinmu.

"Malumfashi, Baba."

"Ban san ta ba. Kana minshari?"

"A'a, Baba."

"To ga tabarma can bayan kanta."

Haka na zama ɗan gida. Matarsa Hajja Halima mutuniyar Sudan ce, Hausarta rabi Larabci. 'Ya'yansu kuwa in na yi musu magana da Hausa sukan gane sarai, su mayar mini da Larabci, sai in ji kamar na jefa guga a rijiya ya fito da yashi. Kullum safiya burodi da dafaffen wake, kullum rana shinkafa. Wata Juma'a Hajja ta samu daddawa a hannun wata mahajjaciya ta yi tuwo miyar kuka. Loma ta farko hawaye suka zubo mini. Na ce yaji ne. Ta ce, "Na'am, yaji ne," ta ƙara mini miya, alhali ko barkono babu a ciki.

Baba Idi ne ya samo mini aiki a unguwar Ƙurban, wurin wani Balarabe da yake yi wa ɗinki, ana ce masa Ammu Sa'id. Shagon asir gare shi, wato ruwan 'ya'yan itace. Ina matse lemo, ina markaɗa mangwaro, ina wanke kofuna. Bai tambaye ni takarda ba, ni kuma na ɗauka kirki ne.

Lokacin kuɗin fetur na kwarara kamar ruwan Agusta. Duk abin da ya fito daga Turai, in dai ba haramun ba ne, sai an saya. In kuwa ya yi kama da haramun, to ya fi tsada. A cikin wannan yayi ne wata kwalba ta shigo gari. Koriya ce mai duhu, dogon wuyanta naɗe da takardar zinariya, an ɗaure toshiyarta da waya. In aka buɗe sai ta ce fau, kumfa ya malalo. A jikinta an rubuta da manyan haruffa cewa babu barasa. Ruwan inabi ne da iska, shi ke nan, ƙanin lemon kwalba. Amma kafin wata ya zagayo, biki ba ya cika sai da ita, baƙo ba ya jin an girmama shi sai an yi masa fau.

Daga nan masana suka ɓullo. Ban san inda suke ɓoye ba tun da. Mutumin da jiya yake shan ruwan rake a tsaye, yau zai zo ya ce mini farin ruwan inabi da kifi ake sha, ja kuwa da nama. Wani ya ce na Sifen ya fi na Ostiriya zurfi. Na ce, "Zurfi kamar yaya, ranka ya daɗe? Ai kwalbar tsawonta ɗaya." Ya dube ni kamar na zage shi. Akwai wani dillalin filaye da ya taɓa leƙa Landan, shi ya kawo salon kofi mai ƙafa. Zai ɗaga kofin wajen fitila, ya jujjuya, ya tura hanci ciki, ya lumshe ido, ya ce yana jin ƙamshin tuffa da na ciyawar safe. A Madina, inda ciyawar safe ko a mafarki sai an yi sa'a. Washegari kowa kofi mai ƙafa yake so, ni kuma nake wankewa suna karyewa a hannuna, Ammu Sa'id yana ihu. Wani ma ya dawo mana da kwalba wai da ya buɗe gaban surukansa ba ta yi ƙara sosai ba, ya ji kunya. Ni da na ɗanɗana fari da ja, na Sifen da na Ostiriya, ban ji komai ba sai zaƙi da gyatsa.

Su wannan wahalarsu kenan. Ɗalibanmu na Najeriya kuwa tasu daban. Kowace Alhamis bayan la'asar sukan zo su cika bencin bayan shago, kuma tun da kwalbar nan ta fito suka rabu gida biyu. Bashir ne shugaban masu sha. Ya koyi jujjuya kofi har ya fi dillalin filaye. Shugaban masu hani kuwa wani siririn Bazazzagi ne, Ustaz Nuhu, wanda ko gaisuwa sai ya duba mata hujja.

"Asalin abubuwa halas ne," in ji Bashir. "Nuna mini maye a ciki in daina."

"Ban ce da maye ba," in ji Nuhu. "Na ce kwalbar ta mashaya ce, kofin na mashaya ne, ɗaga hannun nan da kake yi na mashaya ne. Me ya rage?"

"To in na juye a ƙwarya fa?"

"In a ƙwarya ake sayarwa ba za ka saya ba. Kwalbar kake saye."

A raina na san Nuhu ya faɗi gaskiya a nan, sai dai shi irin mutanen nan ne da in suka faɗi gaskiya sai ka ji kana sha'awar ƙarya. Haka za su yi ta yi har magariba, littafi ya hau littafi, a tashi baram-baram, a bar mini kofuna. Alhamis mai zuwa a ɗora daga inda aka tsaya.

Ana cikin haka kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Jidda. Kwalba ta ɓace a kasuwa, mutane suka haukace. Ammu Sa'id yana kallon masu saye suna juyawa, kamar ana zare masa jini. Rannan sai ga mota ta sauke kwandunan inabi daga Ɗa'ifa a ƙofar baya. Ashe tsofaffin kwalaben da yake sa ni tattarawa ba don tsabta ba ne. Muka matse, muka tace da ƙyalle, ya zuba sukari, muka ɗura, ya buga toshiya, ya naɗe wuyan da takardar zinariya da ya sayo wurin masu alewa.

Na ce, "Ammu, wannan ai algus ne. Mutane za su ɗauka na Turai ne."

"Inabi inabi ne, ya Lawwal. Na Ɗa'ifa ma ya fi albarka."

"To kumfa fa? Ba zai yi fau ba."

"Sai mu ce sabon salo ne. Mai natsuwa."

Wallahi na zaci ranar za a kama mu. Ina! Dillalin filaye ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce a Landan ma manyan mutane sun daina shan mai kumfa, na yara ne. Shi ke nan, mai natsuwa ya zama yayi. Aka buɗe sabon musu, masu kumfa da masu natsuwa. Tun muna yin kaɗan muna sa wa a firji yana ƙarewa a rana, har Ammu Sa'id ya ga ciniki ya buɗe, ya sa muka yi da yawa. Firji ya kasa, aka jibge sauran a ɗakin ajiya mai rufin kwano, a tsakiyar zafin Madina da ko ƙadangare ba ya fitowa. Ni ban san abin da zafi ke yi wa ruwan inabi ba. A Malumfashi ko inabin ban taɓa gani ba. Shi ma Ammu Sa'id, in ya sani, kwaɗayi ya mantar da shi.

Kafin nan Bashir ya ɗauko matarsa daga gida sun kama ɗaki a unguwar Al-Sih, har ta haihu. Ya zo ya ce in kai masa akwati guda na kwalaben nan ranar suna. Na ja shi gefe.

"Yaya Bashir, wannan fa ba daga Turai yake ba. Ni na matse shi da hannuna a bayan shagon nan."

Ya waiga. "Wa ka gaya wa?"

"Kai kaɗai."

"To bar shi a haka. Baƙi kwalba za su gani."

Ranar suna ɗaki ya cika da ɗalibai da malamai, an ci shinkafa da naman rago, an yi addu'a. Bashir ya ɗauko kwalba yana murmushi yana bayanin cewa wannan mai natsuwa ne, kada kowa ya jira ƙara. Yana kwance wayar, toshiyar ta tashi kamar harsashi ta doki fanka, kumfa ya wanke masa jallabiya. Ni dai na san ban sa iska a ciki ba. Shi kuwa ko gezau. Ya zuba a kofi mai ƙafa, ya kurɓa, ya tauna baki.

"Masha Allah. Kun ji ɗan ɗacin nan a ƙarshe? Shi ne alamar mai kyau."

Wasu suka miƙo kofuna. Sai Ustaz Nuhu, da yake can gefe da ruwansa na sanyi, ya ɗaga hanci.

"Tsaya. Wannan warin na san shi. A bayan barikin sojan garinmu ake jin sa."

Ɗaki ya hargitse. Masu salati na yi, masu kuskure baki na yi, wani ya fita da gudu yana cusa yatsa a maƙogwaro. Nuhu yana ta faɗin, "A garin Manzon Allah! A garin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam!" Bashir kuwa ya juyo ya dube ni a gaban jama'a, da fuskar wanda aka ci amanarsa, ya ce, "Lawal, me ka kawo mini?" Wannan kallon har yau ban manta da shi ba. Allah ya sa akwai wani dattijon malami Bakano a wurin. Shi ya ce kowa ya zauna, wanda ya sha bisa rashin sani babu laifi a kansa, kuma kada maganar ta fita daga ɗakin nan, domin in hukuma ta shigo ba za ta tantance mai matsewa da mai sha ba.

Na garzaya Ƙurban. Na tarar da Ammu Sa'id a ƙofar ɗakin ajiya, hannu a ka. Kwalabe sun fara fashewa da kansu, ƙasa ta jiƙe, wari ya turnuƙe. Ya ce yalla yalla, maza mu loda sauran a motarsa. Muka loda, muka rufe da buhuna. Na zaci daji za mu je mu zubar. Ashe tsoron shingen 'yan sanda na hanyoyin fita gari yake yi. Sai kawai na ga mun nufi Uhudu. Ya tsaya a ƙofar Baba Idi, ya sa hannu muka sauke, ya koma cikin mota.

"Hannunka ya matse, kai ka san yadda za ka yi da shi. In an tambaye ni, ban san ka ba."

"Haba Ammu! Ba kai ka sa ni ba?"

"Je ka faɗa. Ka tafi da iƙamarka a hannu."

Ya ja mota ya bar ni da ƙura. A lokacin na gane dalilin da bai taɓa tambayata takarda ba.

Baba Idi ya fito da almakashi a hannu. Na gaya masa komai a tsaye. Na ce zan kwashe kayana in bar masa gida, kada in jawo masa masifa.

"Ka tafi ka bar mini su a ƙofa?" Ya ajiye almakashin. "Kama can, in kama nan."

Tsoho da ciwon baya, haka muka yi ta hawa da akwatunan nan sama. Muna ajiyewa wata kwalba ta fashe ta yanke ni a ƙwauri. Hajja Halima ta ce in aka bar su a rana za su yi ta harbi har unguwa ta taru. Ta juye ruwan da ke babban duronta ta ba mu. Kowace kwalba sai mun naɗe ta da bargo kafin mu buɗe, don kada a ji ƙara. Duro ya kusa cika. Muka sa murfi, iskar ciki ta ture shi, sai muka ɗaure bakin da tsohon zane.

Yanzu fa ina za a zubar? Mun gwada bokiti guda a bayan gida. Wari ya bi kwata ya fita lungu, matar maƙwabcinmu, wanda ma'aikacin hukumar gari ne, ta leƙo tana tambayar Hajja abin da ya lalace mata. Ranar yini aka yi ana turaren wuta kamar gidan amarya. Baba Idi ya ce tun da Allah ya ba mu malamai, a kira su su ba mu mafita.

Suka zo, Bashir da Nuhu, kowa da littattafansa a hammata. Aka shimfiɗa musu darduma a shago.

"A zubar nan take," in ji Nuhu. "Ajiye ta ko na yini ɗaya saɓo ne."

Na ce, "Na yarda, Ustaz. A ina zan zubar?"

"Wannan ba mas'alar fiƙihu ba ce."

Bashir ya buɗe littafi ya ce akwai malaman da suka halatta a zuba gishiri a mayar da ita khal, ruwan tsamin nan da Larabawa ke sa wa a abinci. Nuhu ya ce wannan ra'ayi mai rauni ne, ya buɗe nasa. Daga nan aka koma kan duron, ko ya zama najasa. Daga duro aka koma kan bargon. Daga bargo aka koma kan jallabiyar Bashir ta ranar suna. Na ce wa Bashir ai ya san wani mai mota, a taimaka a fitar da duron daji. Ya ce kada a jawo bayin Allah cikin abin da ba ruwansu. Suka sha shayin Hajja suka tafi, suka ce za su ƙara bincike. Suka dawo, suka sake dawowa. A cikinsu babu wanda ya taɓa taka matakalar nan ya hau ya ga abin da ake magana a kai.

Makonnin nan ban san yadda na yi su ba. In aka ƙwanƙwasa ƙofa sai in ce 'yan sanda ne. In mota ta tsaya a lungu sai in ga kaina a ɗaure ana yi mini bulala, in ga an rufe shagon Baba Idi an kore shi daga ƙasar da ya tsufa a cikinta, saboda ni. Kullum nakan saci kofi guda in zuba a bayan gida in bi da ruwa, amma duro kamar ba a taɓa shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zuwa Harami. Nakan wanke hannuna da sabulu har fata ta yi fari, amma in na ɗaga su zan yi kabbara sai in ji kamar warin na nan. Na daina matsawa gaba. Nakan tsaya a sahun ƙarshe kusa da takalma, in hangi koriyar ƙubba in sunkuyar da kai. Mahaifina ya sayar da bijimi don in zo in yi karatu kusa da Manzo, ga ni na zama mai gadin giya. Na rame har wandona yana zamewa. Hajja Halima ba ta taɓa ce mini ka ga abin da ka jawo ba. Takan dai ajiye mini kwano ta ce, "Kul, ya waladi. Ci. Yunwa ba ta zubar da duro."

Wata safiya ta hau shanya sai na ji tana kirana. Na hau da gudu. Ƙananan ƙudaje sun yi baƙi a kan zanen. Ta ɗaga gefe ta ce in sunsuna. Wani tsami ya soke ni a hanci har na yi atishawa, ba warin da na sani ba ne. Ta tsoma ɗan yatsa ta ɗiga a harshe, ta yamutse fuska, sannan ta fashe da dariya.

"Khal ne. Wallahi khal ne, mai kyau ma."

Na zauna a ƙasa daɓas. Abin da malamai suka kasa, rana da iska sun gama.

Aka aika musu suka zo. A karon farko tun da na san su bakinsu ya zo ɗaya: in ta juya da kanta, ba tare da sa hannun kowa ba, ta tsarkaka. Na fara hamdala. Sai Nuhu ya ɗaga yatsa.

"Amma tsaya. Wa ya cire murfin ya sa zane? Kuma da wace niyya? Domin in da nufin iska ta shiga aka yi..."

Bashir ya ce, "Wannan tambaya ce mai kyau," ya kai hannu ga littafi.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Da niyyar kada ya fashe ya kashe mu aka yi! Ku ji tsoron Allah mana! Tun yaushe nake kwana da abin nan a bisa kaina? Wanene a cikinku ya tambaye ni ko na ci abinci? Kai Yaya Bashir, kai ka kira ni ƙasar nan, kai na gaya wa gaskiya ka ce in yi shiru, sannan ka dube ni a gaban mutane kamar ba ka san komai ba. Kai kuma Ustaz, tun farko kana da gaskiya, na yarda, to gaskiyar taka ta taɓa ɗaukar bokiti? Ku tashi ku tafi da littattafanku, mun gode!"

Ban taɓa ɗaga wa na gaba da ni murya haka ba. Nuhu ya tattara kayansa ya fita. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam Lawal," ya wuce. Bashir ko wannan bai ce ba.

Amma bakinsa bai mutu ba, domin ta wurinsa labari ya isa Ƙurban. Ba a jima ba sai ga Ammu Sa'id da motarsa, da fara'a, da ledar dabino. Mutumin da bai san ni ba ya rungume ni yana "ahlan, ya Lawwal, ya waladi." Wai ya zo ɗaukar khal ɗinsa. Inabinsa ne, sukarinsa ne. Ya riga ya shirya komai: zai ɗura a ƙananan kwalabe, ya rubuta khal na gida, tsohon ajiya, wanda ya nuna a gindin dutsen Uhudu. Ya ce mutane sun fara gajiya da kayan Turai, yanzu na gargajiya ake yayi. Sannan ya rage murya ya ce in koma aiki, mu riƙa yin irinsa, shi kuma zai tsaya mini a yi mini iƙama.

Iƙama. Abin da nake mafarki tun ranar da bizata ta ƙare. Da ita zan yi tafiya a titi kaina a sama, da ita wataƙila ma wata rana a buɗe mini ƙofar karatu. Na dubi fuskarsa, na ga fuskar da ta ja mota ta bar ni. Kuma na gane abin da "mu riƙa yin irinsa" ke nufi: wani duron, wasu makonnin, a bisa kan wani.

Na ce, "Ɗauki khal ɗinka, Ammu. Amma ka kawo mazubi, duron na Hajja ne. Ni kuwa na gama."

Bayan ya tafi Baba Idi ya rufe ni da faɗa, irin wanda bai yi mini ba ko ranar da aka jibge masa akwatuna a ƙofa.

"Kai mahaukacin ina ne? Ka san shekarun da na yi ina ɓuya kafin in samu takardar nan? An kawo maka har gida ka ce ka gama? Mugun mutum ne, na sani. To wa ya gaya maka sai a hannun mutanen kirki ake karɓar takarda?"

"Baba, ba zan iya ba."

"To koma Malumfashin taka."

Daga ranar ya daina yi mini magana sai gaisuwa. Na zauna har lokacin hajji, na yi aikin hajjina a cikin jama'a, sannan na yanke shawarar miƙa kaina a Jidda ga masu mayar da mutane gida. Kafin in tafi na ji labarin khal ɗin ya karɓu a Ƙurban, har dillalin filaye yana cewa shi yana iya bambance wanda ya nuna a Uhudu da na ko'ina. Ban ko yi dariya ba, na gaji.

Ranar tafiya na shiga shago in yi sallama. Baba Idi yana kan keke, bai tsayar da ƙafarsa ba. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," idonsa a kan allura. Hajja Halima ce ta rako ni bakin lungu, ta cusa mini ƙunshi a jaka ta ce kada in buɗe sai na isa.

A Jidda, a cikin rumfar da muke jiran jirgi, na kwance ƙunshin. Farar jallabiya ce sabuwa, ɗinkin hannunsa, har da aljihun ciki irin wanda yake yi wa manyan mutane. Ban taɓa tsaya masa ya auna ni ba. Na zura ta a nan cikin jama'a. Ta zauna mini daidai, kafaɗa da wuyan hannu, kuma ba a jikin da na zo da shi ya yanka ta ba, a ramammen da zan koma da shi ne.